Goggo Kande da Farashin Daddawa

Duk sanda na gaya wa samarin unguwarmu cewa shekara goma sha huɗu na yi ina cin abinci da ɗaukar muryar mutane a kaset, sai in ga suna satar kallon juna. Wani jikana, wanda ke jin Hausa sarai amma ba ya mayar da amsa sai da Larabci, ya taɓa tambayata ko aikin ya wuce danna jan maɓalli. Na ce masa ya nemi wuri ya zauna. Ku ma ku zauna, don maɓallin shi ne abu na ƙarshe da aka bari na taɓa.

Ina da shekara ashirin da biyar na zo Madina, a farkon shekarun saba'in. Na sauke farali, 'yan garinmu suka koma, ni na tsaya. Ban iya komai ba sai noma da ɗan facin keke, don haka na yi dako na wasu watanni, har Allah ya haɗa ni da Mu'allim Abakar, wani Bahaushen Sudan mai gyaran rediyo a unguwar Harra ta Yamma. Shagonsa ɗan tsukuku ne, tsakanin mai gasa tamis, wato gurasar da ake ci a nan, da wani tela ɗan Chadi. Ban da gyaran rediyo yana da wata babbar rikoda, musajjal inji Larabawa, wadda nauyinta ya kai na ɗan akuya. Da ita yake ɗaukar wa mutanenmu saƙo. Lokacin babu tarho a ƙauyukanmu, wasiƙa kuma sai an nemi mai rubutawa a nan, a nemi mai karantawa a can, kowanne ya ƙara nasa gishirin. Kaset kuwa muryarka ce da kanka. A ba wani alhaji mai komawa gida ya sa a jaka, bayan wata uku ko huɗu amsa ta dawo ta hannun wani.

Wata shida na yi ina shara da goge-goge. Na koyi goge kan rikoda da auduga da ɗigon turaren kolonya. Na koyi naɗe zaren kaset da biro idan injin ya tauna shi, da yanke wurin da ya yamutse da reza a haɗa da jan farce, yadda ba za a rasa ko kalma biyu ba. Na koyi cewa mai tamis yana fara marin ƙullu a jikin tanderu bayan la'asar, tela kuma yana taka kekensa har azahar, saboda haka lokacin ɗauka mai kyau ɗan kaɗan ne a tsakani, kuma a cikinsa akwai salla. Wutar lantarki a unguwar tana hawa tana sauka, shi ya sa da batir muke aiki, manya guda shida. Mu'allim yana da wani kaset na gwaji, muryarsa ce a ciki yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin. Kafin kowane aiki sai ya sa ya saurara. In ya ji muryar tasa ta yi nauyi kamar mai jin barci, batir ya yi sanyi, a canja.

Aikina na farko na wani Malam Ɗahiru ne, mutumin Damagaram, dogo mai gemu har ƙirji, mai murya irin ta ganga. Ya zo ran da Mu'allim ya tafi sayo kayan gyara, ya ce ba zai jira ba, gobe mai kai saƙon zai tashi. 'Ya'yansa uku ne ke rigima a kan gona a gida, yana so ya ja musu kunne. Na ga dama ta samu. Na zaunar da shi, na danna maɓallin, ban sa kaset ɗin gwaji ba. Malam ya yi faɗa na rabin awa, ya kira kowane ɗa da sunansa da laifinsa. Da ya gama na mayar masa ya ji, muryar ta fito daidai, ya ce madalla. Abin da ban sani ba a lokacin, in ka ɗauka da batir mai sanyi injin yana tafiya a hankali, in ka saurara a wannan injin ba za ka gane ba. Sai an sa a wata rikoda mai sabon batir, a nan zare zai yi gudu, murya ta tsuke.

Bayan wata huɗu amsa ta zo, Malam ya kawo shago don a sa masa, da mutane zaune a benci. Babban ɗansa ne ya fara magana cikin ladabi. Ya ce sun tara dangi duka a zaure sun sa kaset ɗin Baba, amma ba su ji Baba ba, wata ƙaramar yarinya suka ji mai saurin baki, wadda ta san sunayensu da iyakar gonar har da zancen jakin da ya ɓata. Suna tambaya 'yar wace ce, kuma wa ya ba ta labarinsu. Ya ƙara da cewa sun yi dariya har ƙaninsa ya faɗo daga kan turmi, kuma a wurin dariyar suka shirya, an raba gonar lafiya. Malam Ɗahiru bai ji daɗin shirin ba ko kaɗan. Ya ɗaga sanda, na bi ta bayan tanderun mai tamis. Mu'allim ya ba shi haƙuri, ya sake ɗaukar masa kyauta. Ni kuma ya ɗora mini sauraron ɗaya zuwa ashirin kowace safiya, ko akwai aiki ko babu, har shekara ta zagayo.

Injin ba shi ne wahalar ba, mutane ne. Za ka ga ƙato wanda ke cika kasuwa da hayaniya, da ka ajiye makirfo a gabansa sai ya daskare, ya yi ta kallonta kamar maciji. Irin wannan sai in kifa hulata a kan makirfon, in zauna gabansa, in ce ya ɗauka ni ne wansa, ya yi mini magana. Akwai kuma masu ihu. Wani tsoho daga Tawa ya ce ƙasarsu da nisa, in bai ɗaga murya ba ba za su ji ba, sai da na ja makirfon har bakin ƙofa. Mafi yawa kuma masu gaisuwa ne. Fuskar kaset ɗaya minti talatin ce, sai mutum ya ƙarar da ita a kan ina gaida wane, ina gaida wance, ina gaida mutanen gidan wane har da na bayan gida, kaset ya yi ƙas, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Don haka kafin in danna komai sai in tambaye shi maganar da in ba a ji ta ba tafiyar ta zama banza, in ce da ita zai fara bayan sallama. In kuma sa shi ya faɗi wata da shekara, don an taɓa zuwa barkar haihuwa a Gumel an tarar yaron yana gudu. Mata sukan zo da rakiya, mu ja labule, in juya baya ina kallon allurar injin. Abu ɗaya Mu'allim bai yarda da shi ba, shi ne a taɓa maganar mutum. Ko zagi ya yi, ko ƙarya ya shara, in ya ce a aika, haka za a aika. Reza ta gyaran zare ce, ba ta gyaran zance ba.

In kun ce me ake faɗa a ciki, bayan rasuwa da haihuwa, farashi ne. Ko wane kaset ya zo daga gida sai an faɗi nawa mudun gero, nawa rago, nawa kwalbar man gyaɗa, nawa aka sayar da buhun gyaɗa bana. Daga nan kuma ana aika nawa agogo, nawa rediyo mai bando uku, nawa tulun shayi, nawa ake sa haƙorin Makka. Ni riyal biyar nake ɗauka har da kuɗin kaset, saurare kuma riyal ɗaya, a lokacin da riyal ɗaya zai saya maka tamis da wake da shayi ka ƙoshi. Da yake ba kowa ke da rikoda ba, a shagonmu ake sauraron yawancin saƙonni, bencinmu ya zama majalisa. Muna da rediyo mai kamo tashoshin waje da ke Hausa, a nan muke jin manyan labarai, an yi juyin mulki, an kafa sababbin jihohi, an yi zaɓe. Amma tsofaffi ba sa gaskata rediyo sai kaset ya zo bayan wata uku wani ɗan'uwansu ya faɗa da bakinsa. Sai ka ji tsoho ya ce ashe dai da gaske ne.

Sauraro ma da iyawarsa. In kaset ya fara da gaisuwa mai tsawo, mai maganar yana yawan gyaran murya, ya fara cewa duk mai rai, to sai in danna tsayawa tun bai kai ga suna ba, in ce wa 'yan benci su je su sha iska. Wannan ba wanda ya koya mini da baki, a fuskar Mu'allim na gani.

Ragowar mintuna a ƙarshen kaset ba a barinsu fayau, sai an cika su. Samari su ce a sa musu waƙar Sudan ko ta fim ɗin Indiya, dattawa su ce garaya, ɗaliban Jami'ar Madina su ce karatu kawai, su kuma harare mu a kan sauran. Waƙa dai a Madina ƙasa-ƙasa ake sa ta, kunne a jikin lasifika. Mutanen gida kuwa ba sa sayen sabon kaset, a kan na mawaƙa suke ɗaukar saƙo, in maganarsu ta ƙare sai ragowar waƙar ta ɓullo. Ta haka muke sanin waƙar da ake yayi a Kano ko Maraɗi. Shekara da shekaru mun haddace ƙarshen waƙoƙi da yawa waɗanda ba mu taɓa jin farkonsu ba. Da talabijin ya yawaita, wani direba ya ɓata fuskar kaset guda yana ba 'yan ƙauyensu labarin wani ƙaton Bature mai kokawa da yake gani a akwatin. Suka aiko suna tambaya ko zai iya kada gwanin kokawar garinsu. Shekara uku ana wannan muhawara ta hannuna, riyal biyar zuwa, riyal ɗaya dawowa, ban kuma taɓa fatan su daidaita ba.

Mummunar shekara ta zo a tsakiyar shekarun tamanin. Lokacin Mu'allim ya tsufa ya koma wurin 'ya'yansa a Sudan, ya bar mini shagon. Ni kuma na ga aikin hajji na tafe, na zuba abin da nake da shi na sayi kwali uku na sabon kaset. Sai soja suka karɓi mulki a gida, aka canja kuɗi, aka rufe iyakoki, aka rage kujerun hajji. Ga fari a ƙasar Hausa. Alhazan da suka zo kaɗan ne, su ma hannunsu a bushe, kuma tsoron bincike ya sa da yawa suka ƙi karɓar saƙon kowa. Ga ƙananan rikodoji masu araha sun cika kasuwa, kowane gida an saya, kowa ya zama gwani. Kwalayen nan na tura su saman kanta ƙarƙashin kwano, zafin Madina ya bi ta kansu, da na buɗe na tarar rabi sun lanƙwashe kamar gurasa. Na koma gyaran fanka da dutsen guga. Saƙonnin da na ɗauka suka taru a aljihun tebur, an rubuta sunan gari a jikin kowanne, babu mai kaiwa.

A wannan shekarar ce Goggo Kande ta kusa tsine wa ɗan ƙaninta a shagona. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Kazaure, gajeriya, mai kaifin ido. Da ƙafa ta taho tun kafin a ba da mulkin kai, ita da mijinta, suka yi shekara huɗu a hanya ta Chadi da Sudan. Mijin ya rasu a nan, ba su haihu ba. A gida daddawa take yi ta sayar, a Madina kuma ta koma sayar wa baƙi hatsin da suke watsa wa tattabaru, ƙulli ɗaya riyal ɗaya. Ba ta da kowa a duniya sai Isuhu, ɗan ƙaninta, wanda ta baro yana rarrafe, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya biyar. Duk shekara suna musayar kaset ta wurina.

Shekarar da ta gabata ta tara abin da ta tara, aka canja mata ya zama naira ɗari da ashirin, ta aika wa Isuhu tare da kaset. Ni na ɗauki kaset ɗin, na kuma san za a sami matsala, amma ba aikina ba ne in sa baki. Wani ya taɓa gaya mata naira biyu ita ce fam ɗaya, ta riƙe wannan gam. A lissafinta fam sittin ta aika. Ita kuwa a sanin da ta yi wa gida, mai fam sittin attajiri ne. Ta ce a saya mata saniya mai ɗan maraƙi Isuhu ya riƙa kiwo, a sayi rago a yi wa iyayenta sadaka, a sayi turmin atamfa a ba matar Isuhu, a sa wa ɗakin da mahaifiyar Goggon ta bari kwano, canjin da ya rage a auni gero a raba wa maƙwabta.

Amsar ta iso ta hannun wani alhaji daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suka zo. Isuhu ya yi gaisuwa, ya yi godiya, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce kuɗin sun sayi ɗan tunkiya guda, an yi sadakar, ragowar ya auni gero mudu shida, har ya cika da nasa. Goggo ta sa na mayar da wurin sau biyu. Sannan ta gyara zama ta ce in sa sabon kaset.

Ban taɓa ɗaukar magana mai zafin wannan ba. Ba ta gaida kowa ba. Ta ce ita da ta san saniya fam takwas, rago sule talatin, mudun gero kwabo huɗu, ita za a yi wa wayo don an ga ta yi nisa. Ta ce a kai kaset ɗin gaban liman da mai gari a sa kowa ya ji, Isuhu ya ci amanar 'yar'uwar ubansa. Ta rufe da cewa daga birnin Manzo take magana, in bai fito da saniyarta ba, ba ta yafe ba duniya da lahira. Kun san nauyin wannan a ƙauye. Mutumin da goggonsa ta yi wa baki daga Madina, ba mai ba 'ya'yansa aure, ba mai tsayawa kusa da shi a sahu da daɗin rai.

Na ce mata, «Goggo, kaya sun yi tsada a gida. Ke ma nan da kika zo nawa ake sayar da tamis, yanzu nawa ne?»

Ta ce, «Nan ƙasar fetur ce, ɗan nan. Can me aka haƙo? Gero dai ba a jirgi ake kawo shi ba, a bayan gida yake tsirowa.»

Reza tana gabana a kan tebur, minti biyu ya isa in cire ƙarshen maganar, ba kuma za ta taɓa sani ba. Ban taɓa ta ba. Na rubuta sunan garin a jikin kaset ɗin na sa a aljihun tebur tare da sauran, na gaya mata gaskiya cewa babu mai tafiya yanzu. Rashin masu kai saƙo da ya karya ni a shekarar, shi ya ba ni lokaci.

Na fara da kawo mata shaidu. Na samo alhazai uku sababbin zuwa, na sayi shayi, suka zauna suka lissafa mata farashin komai. Ta saurare su tsaf, da suka tafi ta ce alhazan jirgi ne, waɗanda suka zo Makka cikin awa biyar ba su san darajar kuɗi ba, kuma ɗayansu ma idonsa irin na dillalai ne. Na kunna mata rediyo ranar da ake zancen tsadar abinci, ta ce mutumin da ke cikin akwatin ya taɓa auna gero? Na sa mata kaset ɗin wasu mutane, da izininsu, inda ake kukan farashi, ta ce kowa yana da irin Isuhu a gidansu. Kullum ta dawo daga wurin tattabarunta sai ta leƙo ta tambaya ko an sami mai tafiya.

Mai tafiya kuwa ya samu. Wani ɗalibin Jami'a ne, Ustaz Nuhu, natsattsen mutum mai iyali, zai je gida hutu, garinsu kuma ba nisa da nasu Goggo. Ba yadda zan ɓoye mata, don ita ta fara jin labarin. Ta zo ta ce in fito da kaset ɗinta. Na fito da shi na ajiye a gabanta, na ce nata ne, in ta ce a ba shi yanzu zan ba shi. Sannan na tambaye ta ko a duk ƙasar Kazaure akwai mutum ɗaya da in ya faɗi farashi za ta yarda. Ta ce akwai Yalwa, wadda suke zama tare a gindin tsamiya ranar kasuwa, kowacce da faifan daddawarta. Ta ce Yalwa ba ta iya ƙarya ba, don ba ta da wayon yin ta. In tana da rai. Muka yi sharaɗi, kaset ɗin zai jira wata uku, in Ustaz ya dawo ba ta gamsu ba, ni zan nemi mai kaiwa ko da kuɗina ne.

Kwana biyu na yi ina koya wa Ustaz Nuhu aiki, don ya ɗauko mana cinikin kasuwar garinsu Goggo da muryar Yalwa. Na ba shi ƙaramar rikoda da batir dozin, na nuna masa yadda zai juya wa iska baya, yadda zai sa makirfon cikin safa saboda ƙura, kada ya tsaya kusa da injin niƙa, kada kuma ya ce wa kowa ana ɗauka don tsohuwa, ya yi ciniki kawai kamar mai saye. Ya ce shi da ya zo karatun hadisi ga shi an mai da shi ɗan leƙen asirin daddawa, amma sulhu tsakanin dangi ibada ne, zai yi.

Ya dawo bayan hutu, ya rame, ya kawo kaset. Ranar bencin bai ishi mutane ba, har tela ya bar kekensa. Goggo ta zauna gaba, ta naɗe hannu. Na danna. Kasuwa ta cika shagon, kukan awaki, masu tallan fura, wani yana rantsuwa a kan tsibin doya. Goggo ta ɗan karkata kai. Aka ji Ustaz a kara yana taya saniya, dillali ya faɗi kuɗin da ya sa 'yan benci salati. Goggo ta ce dillalan shanu tun tana yarinya maƙaryata ne. Aka je wurin masu awo, aka faɗi kuɗin mudu, ta ce sun ga baƙo da farar riga ne. Sai hayaniyar ta ragu, aka ji Ustaz yana sallama, wata tsohuwar murya marar haƙora ta amsa. Ya tambayi daddawa. Muryar ta ce ɗaya sule. Ya ce a rage, ta ce ya je ya tambayi kuɗin kalwa da itace ya dawo. Sai a nan ya gaya mata daga inda yake da wadda ta aiko shi.

Sai muryar ta matso kusa da makirfo. «Kande? Kande ta gindin tsamiya? Ashe ba ki mutu ba. Kina can kina cin dabino, mu muna nan daddawa ɗaya sule, ita ma ƙanƙanuwa kamar kunnen ɓera. Kin tuna muna ba da goma a kwabo har da gyara? To yaron nan Isuhu da kika aika wa aikin saniya, sai da ya sayar da akuyarsa ya cika kuɗin tunkiya da geron sadakarki. Duk gari an sani, ke kaɗai ce ba ki sani ba.»

Na tsayar da injin. Goggo ta ce in mayar, na mayar. Ta ce in sake. A karo na uku na lura ba zancen akuyar take sa in mayar ba, wurin ɗaya sule take so. Tana ƙirgawa da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Can ta ce a zamaninta sule ladan ƙato ne ya wuni yana noma. Ta ce ita a rana takan sayar da daddawa ɗari biyu. Ta sake ƙirgawa, ta dubi rufin shagon.

Sannan ta ce in ɗauko wancan kaset ɗin. Na ɗauko. Ta karɓa ta zare zaren da hannunta, ta yi ta ja har ya taru a cinyarta kamar taliya, ta dunƙule ta fita ta jefa a tanderun mai tamis, shi kuwa ya yi ta faɗa da Larabci a kan warin roba. Ta dawo ta zauna ta ce a sa sabo. Wannan karon ta yi gaisuwa ta minti ashirin, ban katse ta ba. Da ta zo kan magana ta ce, «Isuhu, na bincika. Ba kai ne ɓarawo ba, garin ne gaba ɗaya, har da Yalwa. Allah ya yi maka albarka, kai da 'ya'yanka. Akuyarka kuma tana kaina.» Iyakar ban haƙurin ke nan, kuma Ustaz, wanda ya kai kaset ɗin a hutunsa na gaba, ya ce mini da aka sa a can Isuhu kuka ya yi.

Washegari da hantsi na bi ta wurin da take zama da tirenta. Wasu baƙi 'yan Turkiyya sun tsaya, ɗaya ya miƙa mata riyal ɗaya kamar yadda aka saba, ta ƙi karɓa, ta ɗaga masa yatsu biyu. Mutumin ya nuna mata sauran mata da ke jere, duk riyal ɗaya suke sayarwa. Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce masa da Hausa, shi da ko sannu bai sani ba, «Kai ba ka ji yadda daddawa ta koma ba?»

Ya biya biyun.